Ba Abin Da Na Karanta Ba Ne

Akwai lokacin da mutanen Kakuri da Makera, a tsallaken kogin Kaduna, ba su da bukatar agogo, don jiniyar masaƙu ce ke raba musu yini. Da ta yi kuka sai titi ya cika maƙil da kekuna. Masu tashi daga aikin dare su fito idanu jajur, ƙurar auduga ta lulluɓe musu gashin kai da gira, masu shiga kuma su tsaya wajen mai koko da ƙosai su kurɓa a tsaitsaye kada a rufe ƙofa. Warin rini da na sitaci ya bi iska har cikin unguwa. Masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, wasu suka biyo bayanta, har Kaduna ta zama garin da ake yi wa kirari da saƙa. A 2002 KTL ta tsaya, a 2007 masaƙar UNTL ta rufe ƙofarta, yau kuwa ciyawa ce ta cinye yawancin harabobin. Galibi in ana jimamin wannan, gine-gine da injuna ake lissafawa. Amma akwai abin da ya tafi tare da jiniyar wanda ba a cika ambata ba, wato sakankancewar da yaro ke tashi da ita cewa ya san inda zai yi aiki, ya san ranar da zai fara, ya ma san abin da zai karɓa ranar da zai bari.

Ɗan boko ya fi kowa samun wannan sakankancewa. A shekarun 1950, da gwamnatin Sardauna ta ɗauki manufar cike guraben aiki da 'yan Arewa, aiki ne ke bin mutum, ba mutum ke bin aiki ba. Wanda ya gama midil yana da kujera a En'e, wanda ya gama kwaleji ma'aikatu na rububinsa. Aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, aka fara bautar ƙasa a 1973, kuɗin man fetur ya shigo, ƙarin albashin Udoji ya sauka. Mai digiri yana gama bautar ƙasa takardar kama aiki na jiransa, da gida a kwatas, da rancen mota, sau da yawa Peugeot 504 da aka harhaɗa a nan Kaduna. Ofis yana da ƙamshinsa na tsofaffin fayiloli da tawada, da ƙarar tafireta, da masinja cikin kaki yana kai takarda daga wannan tebur zuwa wancan. Abin da mutum ya karanta shi ne sunansa a gari: malamin gona, malamin asibiti, malamin daji, akawu. Daga nan ne muka gaji imanin cewa karatu da aiki layi ɗaya ne miƙaƙƙe, wanda ya karanci lissafin kuɗi sai banki ko baitulmali, in kuwa aka gan shi a wani wuri to ya faɗi.

Abin da ake mantawa shi ne ƙanƙantar wannan zamani. Da ƙyar ya wuce shekara talatin. Farashin mai ya faɗi, gwamnatin Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu a 1982, sojojin da suka biyo baya suka rage ma'aikata a 1984, shirin SAP ya zo a 1986 ya karya darajar naira tare da darajar albashi. Ko a lokacin da abin ke kan ganiyarsa ma, 'yan ƙalilan ne suka ci moriyarsa, domin mafi yawan jama'a suna gona da kasuwa, ba su taɓa ganin takardar albashi ba. Duk da haka, shekara arba'in bayan rushewar tsarin, da mudunsa iyaye ke auna 'ya'yansu. Saurayi na iya samun abin da ya ninka albashin ƙaramin ma'aikaci a shagonsa, amma in an tambayi mahaifinsa sai ya ce yaron dai har yanzu bai samu aiki ba, yana ɗan buga-buga ne. Wanda ke son ganin inda wannan imani ke kai mutane ya tuna da 15 ga Maris, 2014, ranar da dubban ɗaruruwan matasa, kowanne ya biya naira dubu, suka yi cincirindo a wuraren jarrabawa na Abuja da Minna da Fatakwal da sauran garuruwa don guraben hukumar shige da fice da ba su kai dubu biyar ba, aka tattake mutane har sama da goma suka rasu. A ganina, matashin da ke farkon neman na kansa yana cutar kansa in ya ƙi ƙofar da ta buɗe masa don kawai ba ita ya yi tsammani ba, kuma wannan ba sabon ra'ayi ba ne da talauci ya tilasta mana. Shi ne tsohon halin ƙasar nan, layin miƙaƙƙen ne baƙo.

Za a ce ai kakanninmu sun fi kowa tsayawa wuri ɗaya, tunda sana'a gado ce. Gaskiya ne, kyan ɗa ya gaji ubansa. Ɗan maƙeri yana buɗe ido ya ga zuga-zugi, ɗan marini hannunsa ya yi shuɗi tun bai san dalili ba, ɗan wanzami yana riƙe zabira kafin ya iya aski. Wannan tsari ya ba da ƙwarewa mai zurfi da ba a samu a aji, ya kuma ɗaure mutane da igiyar da ba su zaɓa ba, har aure yakan gagara tsakanin wasu gidaje saboda sana'ar kaka. To amma gefe da gefe da gadon akwai wata al'adar, ta ci-rani da fatauci. Da an gama girbi saurayi ya ɗauki tabarma ya nufi birni ko kurmi bai san abin da zai tarar ba, ya yi ga-ruwa, ya yi dako, ya yi gadi, ya yi yankan farce, wani ya dawo da damina, wani kuma ya gano a can abin da zai riƙe shi har tsufa. Dubi abin da ya faru da layin dogo ya iso Kano a 1911. Turawa auduga suka sa rai da ita don masaƙun Ingila. Manoma suka auna suka ga gyaɗa ta fi riba, ga shi in ciniki ya ƙi ana iya cinye ta. Waɗanda suka shiga tsakanin manoma da kamfanonin Turawa kuwa fataken goro ne, irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo, daga baya kuma Alhassan Ɗantata, wanda ya san hanyar Gwanja da Kumasi da Ankara tun yana saurayi. Babu cikinsu wanda ya gaji awon gyaɗa don fitarwa ƙetare, domin sana'ar ma ba ta wanzu ba a zamanin iyayensu. Abin da suka kawo daga goro shi ne sanin mutane, da iya ba da bashi a karɓa, da yaran da aka yarda da su a ƙauyuka. Da Ɗantata ya ce shi bafataken goro ne, gyaɗa ba layinsa ba ce, da wani ne ya yi dalar da ake tunawa da shi a kanta.

Ko cikin 'yan bokon farko, waɗanda muke ɗauka su ne suka shimfiɗa layin miƙaƙƙe, manyansu ba shi suka bi ba. Abubakar Imam malamin makaranta ne a Midil ta Katsina, aikin da aka horar da shi a kai ke nan a Kwalejin Katsina. A 1933 Rupert East na hukumar fassara da ke Zariya ya shirya gasar rubuta littattafan hira da Hausa, abin da ba wanda ya taɓa ɗauka sana'a ce. Imam ya shiga da Ruwan Bagaja. Daga nan aka aro shi zuwa Zariya ya rubuta Magana Jari Ce, sannan a 1939 aka fara Gaskiya Ta Fi Kwabo da shi a matsayin edita. Babu makarantar da ta koya masa aikin jarida, kuma barin aji a lokacin barin abin da yake tabbas ne zuwa abin da ba a san makomarsa ba. Wani malamin makarantar da ya shiga wannan gasa, Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya ƙare a kujerar Firayim Minista. Abin ban sha'awa, Imam ɗin nan daga baya ya zauna a hukumar ɗaukar ma'aikata ta Jihar Arewa, wato mutumin da ya isa inda ya isa ta ɓarauniyar hanya shi ne ya koma yana tantance masu bin babban titi.

Me ya sa farkon tafiya ne lokacin da ya fi dacewa da irin wannan? Dalilin farko a bayyane yake, sai dai ba a son faɗa. Abin da matashi ke kira layinsa, sau da yawa ba shi ya zaɓa ba. Ya cike fom ɗin JAMB yana ɗan shekara sha bakwai bisa shawarar yayansa ko ta mai shagon kwamfuta, ya nemi likitanci aka ba shi ilmin tsirrai, ya karɓa don kada ya sake zaman shekara a gida. Shekara huɗu ko biyar bayan haka sai ya riƙa kare wannan tsautsayi kamar wasiyyar uba. Bayan wannan, mutum ba ya sanin abin da ya iya sai an ɗora masa aiki. Wanda bai taɓa tsayawa gaban mai saye ba bai san ko yana da bakin ciniki ba, wanda bai taɓa riƙe littafin kuɗin wani ba bai san ko yana da haƙurin lissafi ba. Sannan labarin aiki a ƙasar nan ba a jarida yake yawo ba, a bakin mutane yake, kuma mutanen da ke da labarin suna wuraren aiki ne, ba a majalisar ƙofar gida ba, inda kowa ya san abin da kowa ya sani. Wanda ya karɓi rubuta rasit a shagon siminti zai haɗu da 'yan kwangila da magina da direbobi da ba zai taɓa gani ba yana zaman jira. Uwa uba, faɗuwa tana da araha kafin aure da 'ya'ya da kuɗin haya. Ɗan shekara ashirin da biyar zai iya gwada abu ya ƙi, ya karkaɗe rigarsa. Ɗan shekara arba'in mai iyali ba shi da wannan damar.

Akwai kuma wani sirri na sababbin sana'o'i, cewa ba su da dattawa. Da wayar salula ta shigo a 2001, babu mai digirin gyaranta, babu sarkin sana'ar da za a yi wa gaisuwa. Yaran da suka fara kwance waya da ɗan sukuddireba a kan benci su ne daga baya suka zama masu shaguna a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, suna da yara a ƙarƙashinsu, wasu har suna zuwa Sin da Dubai sayo kaya. Haka finafinan Hausa, waɗanda ake lissafa farkonsu daga Turmin Danya a 1990, sun ɗauki masu ɗaukar hoto da masu tace hoto da marubuta da masu kiɗa da babu wata kwaleji da ta yi tanadinsu. Ali Nuhu ilmin labarin ƙasa ya karanta a Jami'ar Jos, a 2024 kuma aka naɗa shi shugaban hukumar finafinai ta Najeriya. Yanzu abin da ke faruwa ke nan da haɗa wutar sola. A tsohuwar sana'a sai ka jira na gabanka ya tsufa. A sabuwa, shekara uku ta ishe ka ka zama wanda ake tambaya.

Sai dai mai hankali zai tare ni a nan ya ce ba kowace ƙofa ce ke kaiwa ɗaki ba, kuma yana da gaskiya. Dubban matasa sun hau babur suna acaɓa a Kano da niyyar kafin a samu wani abu, shekaru suka shuɗe, a Janairun 2013 gwamnati ta hana ɗaukar fasinja a babur bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, suka sauka da abin da suka hau da shi, sai ƙarin ciwon ƙirji. Teburan POS da suka cika kowace kwana, musamman tun wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023, suna ciyar da gidaje da yawa, amma yaron da ke zaune a ƙarƙashin laima yana danna na'urar wani, bayan shekara biyar me ya iya da bai iya ba a makon farko? Don haka maganar ba ta karɓar duk abin da ya zo ba ce. Dattawa suna da ma'auni a kan wannan, kuma bai tsufa ba. In uba zai kai ɗansa wajen maigida a Kantin Kwari ko kasuwar Kurmi, bai cika tambayar nawa za a riƙa ba shi ba, don sau da yawa kuɗin abinci ne kawai da ɗinkin salla. Abin da yake dubawa shi ne halin maigidan, ko yana sakin sirrin ciniki ga yaransa, ko waɗanda suka zauna da shi a baya ya sallame su da jari sun tsaya da ƙafarsu. Wannan ita ce tambayar da ta kamata mai digiri ya yi wa aikin da bai yi tsammani ba: in na bar wurin nan, me zai bi ni? In amsar ita ce wata ƙwarewa, ko sanin wata kasuwa ciki da bai, ko amincewar mutanen da maganarsu ke da nauyi, to ƙanƙantar albashi ba hujjar ƙi ba ce. In kuwa babu komai sai kuɗin yau, a yi shi don cin abinci, amma ido na waje. Waɗansu ƙofofin kuma tarko ne tsagwaronsu, irin bangar siyasa, da damfara ta waya, da dillalan da ke alkawarin aiki a ƙetare su bi da mutum ta Agadas zuwa Libiya, ko su karɓe fasfon yarinya da zarar ta sauka. Alamarsu ɗaya ce, kuɗi mai yawa ba tare da an nemi ka iya komai ba, kuma tun da daɗewa aka ce kwaɗayi mabuɗin wahala.

Wata sukar ta fi wannan nauyi, ita ce ta zurfi. Ƙasa tana bukatar mutanen da suka shekara ashirin a kan abu ɗaya. Ba a zama likitan tiyata ko injiniyan gada da tsalle-tsalle, kuma duk lokacin da wanda aka horar a aikin gona ya koma sayar da data, an yi asarar kuɗin da aka kashe a kansa da gonakin da ke bukatarsa. Ba zan yi musun wannan ba, asara ce ta gaske, kuma tsohon tsari, da na gado da na gwamnati, ya fi namu iya renon gwani. Amma a lura, waɗanda na ambata ba masu tsalle-tsalle ba ne. Imam ya karɓi ƙofar da bai zata ba, sannan ya zauna a kujerar edita sama da shekara goma. Ɗantata ya riƙe gyaɗa har rasuwarsa a 1955. Buɗe ido na farkon tafiya ne, don a gano inda za a haƙa. Wanda yau yana gyaran waya, gobe yana kiwon kaji, jibi yana dillancin fili, bai fahimci maganar ba, taura biyu ba ta taunuwa balle uku.

Akwai masu cewa irin wannan nasiha wanke gwamnati ce, a bar masaƙu su mutu, a bar wuta ta gagara, a riƙa sayar da ofa a ɓoye ga mai kuɗi ko mai uwa a gindin murhu, sannan a juyo a ce wa ɗan talaka ya rage girman kai. Fushin nan halas ne. Abin haushi ne ka ji wanda ya samu aiki da gida da mota a 1976 ba tare da ya roƙi kowa ba yana yi wa matasa wa'azin dogaro da kai, 'ya'yansa kuwa suna manyan hukumomin tarayya. Kuma gaskiya ne ƙofofin ba-zata sun fi buɗewa ga wanda ya san mutane. Sai dai haƙƙin da ke kan hukuma da shawarar da ke gaban saurayi gobe da safe abu biyu ne. Zai iya neman haƙƙinsa da ƙuri'a da murya yana kan aiki, hasali ma mai abin hannunsa ya fi wahalar saye ranar zaɓe. Shekarun da ya yi yana jira ba gwamnati suke hukuntawa ba. Tallar aiki tana zuwa da iyakar shekarun haihuwa, tana kuma neman gogewa, mai jira yana rasa duka biyun a lokaci guda.

Cikin ribar da wannan sauyi ya kawo, wadda ta fi girma a wurina ita ce raguwar ƙyamar aikin hannu. A da ɗan boko yana jin kunyar a gan shi da datti a hannu, mai gadon sarauta yana jin kunyar awo. Yau za ka ga mai digiri yana ɗinki ko yana kan rufin gida yana ɗaura faifan sola, surukai ma sun fara tambayar me yake samu maimakon a wace ma'aikata yake, ko da yake ba duka ba. Mata sun fi kowa cin wannan riba. Uwa tana daga cikin gida tana ƙuli-ƙuli da fura, sai ta dogara da yarinya mai talla, abin da ya hana 'ya'ya mata da yawa zama a aji. 'Yarta mai difloma tana sayar da atamfa da turaren wuta da kek ta WhatsApp da Instagram, mai babur ko ɗan sahu ya kai, kuɗi ya shigo ta waya, wata har ta ɗauki ma'aikata.

Abin da ba mu samu madadinsa ba shi ne ƙarshen tafiyar. Ma'aikacin da yana da fansho da garatuti, ko da biyansu na wahala, kuma tsofaffin ma'aikatan masaƙun Kaduna da suka shekara da shekaru suna bin haƙƙinsu shaida ne cewa wannan alkawarin ma yakan karye. Maƙerin da kuwa yana da gandu, 'ya'ya da jikoki a maƙera ɗaya, in hannunsa ya daina ɗaga masaba ba ya kwana da yunwa. Mai gyaran waya na yau ba shi da ko ɗaya cikin biyun. Idonsa ne jarinsa, ido kuwa yana gajiya, 'ya'yansa kuma ba lallai su zauna a shagon ba tunda shi ma bai zauna a na ubansa ba. Dokar fansho ta 2004 ta ma'aikatan albashi ce, sai a 2019 aka ƙaddamar da wani tsari na masu sana'ar kansu, amma a kasuwanninmu har yanzu adashi da sayen fili da kiwon 'yan dabbobi a ƙauye su ne tanadin tsufa ga wanda ya yi tanadin. Rukunin farko na matasan da suka shiga sana'ar waya a 2001 yanzu sun doshi hamsin, kuma nan da shekara goma sha biyar za a fara ganin ko abin da suka tara zai riƙe su.